Abin da ke riƙe mota a kwana

Samarin da na sani masu son mota sun kasu gida biyu, kuma kowane gida yana ganin ɗayan bai san mota ba. Akwai na Yamai, abokan karatunmu da ƴaƴan masu hali, waɗanda ke raba dare suna kallon motocin tsere a TikTok da YouTube. Su burinsu mota ta yi ƙasa-ƙasa, cikinta ya kusa shafar kwalta, ta sha kwana kamar an ɗaure ta da igiya. Akwai kuma na gida, direbobin Gaya da Junju da garinmu Karakara, waɗanda in mota ta shigo hannunsu abu na farko shi ne a ɗaga bayanta, a ƙara mata ƙarfe, don ta ɗauki raken fadama da buhunan gero da mutane a kai. Na zauna da duka biyun. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kalma ɗaya suke faɗa wa bakanike: a sa mota ta yi tauri.

Ni ba direba ba ne. Ilimin harsuna nake karantawa a Jami'ar Abdu Mumuni, kuma abin da ya kai ni ƙarƙashin mota shi ne neman kalmomi. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da garaji a Gaya, kuma aikinsa gyaran ƙafa. Haka ake ce wa duk abin da ke tsakanin taya da jikin mota: ƙafa. Hutu biyu na yi ina zama a kan wata tsohuwar taya da littafina, ina rubuta abin da ke fita daga bakin aparanti da direbobi. Gaya wuri ne mai daɗin wannan aiki, don Malanbil na tsallaken kogi, Kamba kuma na nan kusa a Jihar Kebbi, saboda haka ƙarfe ɗaya sai ka ji shi da suna biyu. Wanda ya koyi aiki a Doso ko Yamai zai ce amortisar, wanda ya koya a Kamba ko Birnin Kebbi ya ce shokazoba. Wannan ya ce rasor ko lam, wancan ya ce sifirin. Silanblok da bushin abu ɗaya ne. Biraj ma akwai ta, amma kwana ta fi ta ƙarfi a bakin kowa. (Ƴan ajinmu za su so su ji cewa kwanar hanya da kwanan barci ba kalma ɗaya ba ce: na barci wasalinsa na farko dogo ne, ta hanya gajere, kuma murya tana sauka a ƙarshenta. Rubutunmu na yau da kullum ne ke ɓoye bambancin.)

Ina cikin wannan lissafi ne Kawu ya gaji da ni wata rana.

"Kai ɗan lakwal, sunaye kaɗai kaka rubutawa? Rubuta wanga: lam shi ka ɗaukar kaya, amortisar shi ka riƙon hanya. Mutanenmu na hwarko suka sani."

Na rubuta, amma sai da ya kwance guda ya miƙo mini na gane. Rasor, ko naɗaɗɗe ne ko kuwa jerin lam, aikinsa ya lotsa in taya ta hau tudu, ya dawo in ta sauka. Matsalarsa bai san tsayawa ba. In ka danne shi ka saki, zai yi ta sama da ƙasa har sai ya gaji. Amortisar kuwa bututu ne cike da mai, da sanda mai tura man ta ƴan ƙananan ramuka, kuma wahalar da man ke sha wajen wucewa ita ke kashe wannan rawar. Sabo in ka ja shi da hannu sai ka yi nishi. Wanda Kawu ya ba ni, da yatsa biyu na ja shi ya biyo ni. Ya ce daga motar da ke ɗaukar mutane kullum ya fito.

To mene ne haɗin wannan da kwana? Duk girman mota, wurin da take taɓa ƙasa bai wuce kamar tafin hannu huɗu ba, ɗaya a kowace taya. Birki da sitiyari da inji duk ta nan suke isar da saƙonsu. In mota ta shiga kwana, nauyinta yana komawa kan tayoyin waje, na ciki su yi sakayau. Ƙarfin da ke tura ta waje kuma ba ya tafiya daidai da gudu: in ka ninka gudu sau biyu, shi sau huɗu yake ninkuwa. Yanzu ka ɗora wannan a kan hanya mai gargada irin ta ƙauyukanmu, da amortisar da ya mutu. Taya tana tsalle, rabin lokaci tana iska. Tayar da ke iska kuwa ba ta jin umarnin kowa. Direba ya murɗa sitiyari, mota ta ci gaba da tafiya inda ta nufa tun farko.

Bari in fara da mutanenmu na gida, don su ne ke ɗauke da iyayenmu mata ranar kasuwa. Ba na ganin laifin direban da ya ƙara lam. Kuɗin mai da na hanya da na mai mota duk daga kayan nan za su fito, kuma motar da aka ƙera don titin Turai ko Japan in ka ɗora mata abin da muke ɗorawa sai bayanta ya zauna a kan taya. Sai a je a samo lam biyu ko uku na wata mota, a cusa cikin jerin, a ɗaure. Mota ta miƙe, mai ita ya ji daɗi. Amma abin da aka ƙara ƙarfin ɗauka ne kawai. Birkin na jiya ne, tayoyin na jiya ne, amortisar ɗin da aka yi don lam kaɗan yanzu yana kokawa da masu yawa. Sannan kayan da ba su shiga ciki ba sai su hau rufi, cibiyar nauyin mota ta tashi sama. Mota mai tsawo da nauyi a ka, in ta shiga kwana da gudu, ba ta tsaya zamewa ba, kifewa take yi. In kuma ta sauke kaya ta juyo wayam, bayan nan mai tauri sai ya riƙa dukan ƙasa yana tashi, ya nemi ya riga gaba fita daga kwanar.

Akwai wani ƙarfe kuma da na ga ana wulaƙantawa, wata sanda lanƙwasasshiya da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don ta hana mota kwantawa gefe ɗaya. Robobinta in sun cinye sai ta riƙa ƙwanƙwasa. Sau nawa na ji direba ya ce a cire ta gaba ɗaya, ai ba ta aikin komai sai surutu. A miƙaƙƙiyar hanya gaskiyarsa ne, ba zai ji rashinta ba. Kawu ba ya cirewa. In mutum ya nace, sai ya nuna masa garajin gaba.

Duk wanda ya girma a bakin hanya ya taɓa ganin mota kwance a gefenta, rake a warwatse, takalma ɗai-ɗai cikin ciyawa. Na kasa kunne ga yadda muke ba da labarin irin wannan. Mukan ce birki ya tsinke, ko taya ta fashe, ko direba ya yi barci, ko kwanar ce ba ta da kyau, wasu ma su ce tana da mutanen ɓoye. Ban taɓa jin an ce amortisar ya mutu ba. Abin da ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ba ya hana mota tashi da safe, ba ya shiga labari.

Na Yamai kuma nasu daban ne, kuma a ƙa'ida suna da hujja. Motar tsere ana yin ta ƙasa-ƙasa ne don nauyi ya rage komawa gefe, ana sa mata rasor mai tauri don kada ta kwanta. Sai dai filin tsere sumul yake kamar faranti, kuma rasor da amortisar ɗin tare aka auna su. Wani abokina ya gaji wata tsohuwar ƙaramar mota daga yayansa, ya kai ta wurin mai walda aka yanke zagaye biyu daga kowane rasor. A hoto ta yi kyau, wallahi. Amma tazarar da ƙafa ke da ita ta lotsawa ta ragu, saboda haka ko ƙaramin rami ta faɗa sai ƙarfe ya daki ƙarfe, motar ta yi tsalle gefe. Gajeren rasor kuma yana iya zamewa daga mazauninsa in taya ta rataya. Wasu ma wuta suke sa masa har ya lotsa, su kashe ƙarfen gaba ɗaya. Dodan na farko da ya haɗu da shi, wato tudun nan da ake yi don rage gudu, wanda sunansa a Faransanci ke nufin gadon bayan jaki, ya kwashe masa bututun hayaƙi. Yanzu in zai hau dodan sai ya karkace ya bi shi a gicciye, ƴan kabu-kabu na zaginsa a baya.

Na ce masa in tsere yake so ya kwaikwaya, ya kwaikwayi wanda ya yi kama da hanyarmu. Peugeot 504 da kakanninmu suka sani ta fito a 1968, kuma a 1975 ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka, a kan jar ƙasa da laka da duwatsu. A shekarar ce kuma aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Ba don ta yi ƙasa ta ci ba. Ƙafarta tana da doguwar tafiya sama da ƙasa, tana bin rami tana fitowa taya ba ta rabu da ƙasa ba. Doguwar 504 ta ɗaukar fasinja ma, rasor huɗu aka sa mata a baya, biyu kowane gefe, don masu ƙera ta sun san za a yi mata lodi. Shi ya sa har yau tsofaffin direbobi in sun tuna ta sai su girgiza kai.

Kuma kada a ɗauka mu kaɗai ne wannan lissafi ke kayarwa. A 1997 wata mujallar motoci a Suwidin ta gwada sabuwar ƙaramar Mercedes, A-Class, da gwajin da suke yi na kauce wa dabbar daji da ta faɗo hanya: ka kauce da sauri, ka dawo layinka. Motar ta kife. Sai da kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya sake aikin ƙafarta, ya rage mata tsawo, ya ƙara na'urar da ke taka birkin taya ɗai-ɗai in mota ta fara zamewa. Injiniyoyin Jamus ke nan da kayan aunawarsu. Mu kuwa wannan gwajin kullum muke yin sa tsakanin Doso da Gaya, da jaki ko saniya ko yaro a kan keke, cikin motar da aka canja wa ƙafa da ido.

In mutum ya zo wurin Kawu ya ce yana son motarsa ta riƙa zama a kwana, ba ya fara da sayar masa da komai. Yakan zagaya ya danna kowace kusurwa da ƙarfinsa ya saki. In ta tashi ta zauna, lafiya. In ta ci gaba da rawa, ya gano. Sai ya leƙa ya ga ko mai na zuba a jikin amortisar, ya shafa taya ya ji ko ta cinye tudu-tudu. Daga nan sai iskar taya, don ya sha ganin mota da tayoyi huɗu kowace da irin iskarta da irin girmanta. Sai robobi da rotil, sai a daidaita tayoyin gaba su kalli wuri ɗaya. Amortisar kuma biyu-biyu yake sawa, hagu da dama. A nan ake faɗa.

"Kawu, ɗaya fa ya mutu," in ji wani direba da ke kiransa haka kamar ni.

"Awo, ɗaya ya mutu, ɗayan na jinya. In na sa maka sabo gefe guda, motar ta riƙa ɗingishi. Kai ka taɓa sayen takalmi ƙahwa guda?"

Direban ya yi dariya, amma ɗaya ya saya. Ban ga laifinsa sosai ba. Yawancin abin da ke kasuwa na kas ne, wanda aka ciro daga motocin da suka gama rayuwarsu a Turai, wanda a Kamba ake ce wa Beljiyam. Wani ya riga ya ci rabin ransa kafin ya hau jirgin ruwa zuwa Kwatano. Tun da aka rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, kayan da ke zuwa ta wannan hanya suka ƙara wuya da tsada. Mutumin da ke lissafin abincin gidansa, in an ce ya zaɓa tsakanin lam da zai ƙara masa buhu biyar da amortisar da ba wanda zai gani, an san abin da zai zaɓa.

A littafina akwai shafin da na ware wa abin da Faransawa ke kira riƙon hanya. Suna ɗaya tsayayye ban samu ba, sai maganganu. Direbobi kan ce mota tana da zama, ko tana kama ƙasa. In ba ta da shi su ce tana rawa, ko tana iyo. Wata tsohuwa da muka shiga Hiace tare daga Gaya zuwa Doso, da muka fito daga wata kwana kowa ya faɗa kan na kusa da shi, ta gyara lulluɓinta ta ce wa direban: "Ɗana, motar ga taka ba ta da natsuwa." Shi ma na rubuta. Direban ya ce mata lam ɗinsa sababbi ne, jiya-jiya aka ƙara su.