Motsin yaron nan ba rawa ba ce

Jama'a, yau raina a ɓace yake. Tun safe ake ta turo min wani bidiyo, har da masu cewa "Hajiya, ga irin na gidanki." An ɗauki wani yaro a wurin biki, ya toshe kunnuwa yana jijjiga gaba da baya, aka ɗora kiɗa a kai, wai sabuwar rawa. Wasu na dariya, wasu na cewa aljanu ne, a kai shi ruƙiyya. Ban ga wanda ya tambayi wa ya ba da izinin ɗaukarsa ba.

Masu bibiyata sun san ɗana yana da galahanga, don haka na san motsin nan. Kaɗa hannu, jijjiga, zagaye wuri ɗaya, gurnani a hankali, maimaita kalma: da su yake kwantar da jikinsa idan ƙara ko haske ko cunkoso suka yi masa yawa. Wani lokacin ma murna ce tsantsa. Manya masu galahanga da ke iya bayani da bakinsu sun sha faɗin haka. To, a daidai lokacin da mutum ke fama da kansa, sai ka zaro waya?

Na san za a ce wayar da kai ake yi. Wayar da kai ba ta buƙatar fuskar yaro, da sunansa, da bajen makarantarsa a ƙirji. Duk 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa galahanga tun 2007, shafuka kan cika da hotunan yara. Nawa aka tambaya a cikinsu?

Wata za ta ce, "Ɗana ne, ni na haife shi." Gaskiya ne, 'yar'uwa, na kuma san gajiyar da ke sa uwa ta so duniya ta ga abin da take sha. Amma ɗa amana ne. Yaron nan zai girma, zai nemi aiki, zai nemi aure, bidiyon kuma yana nan a wayar wani. Magana zarar bunu ce, balle abin da ya shiga WhatsApp da TikTok.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu cewa ai bai san me ake yi ba. Wa ya gaya muku? Rashin magana ba rashin fahimta ba ne. Idan ya kau da kai, ko ya ture wayar, ko ya ɓuya, ya ba ka amsa ke nan. Idan kuma babba ne, shi za a tambaya, ba mai rakiyarsa ba.

Ga ɗan abin da na sani. Idan likita ya nemi bidiyo, ɗauka ki nuna masa shi kaɗai. Kada a ɗauki yaro yana kuka, ko yana dukan kansa, ko ba tufafi. Ku gaya wa makaranta a rubuce abin da kuka yarda da shi. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma inda ake neman izini game da yaro, na iyaye ko mai riƙo ake nema. Amma takardar izini ba ta sa tozarci ya halatta.

Ba na cewa a ɓoye 'ya'yanmu a ɗaki. Ɗana yana zuwa masallaci da kasuwa, yana kaɗa hannunsa, ba na jin kunya. Fita da shi daban, miƙa shi ga masu izgili daban, kuma Suratul Hujurat ta hana izgili ƙarara.

Don Allah, idan irin wannan ya zo wayarku, kada ku tura gaba. Ku goge, ku kai ƙorafi a shafin, ku yi wa wanda ya turo nasiha. Allah Ya rufa mana asiri, mu ma mu rufa na bayinSa.