Gay Ba Ɗaki Kaɗai Ba Ne

Wani tsohon malamin makaranta a Mokolo, cikin duwatsun Mandara a arewacin Kamaru, ya yi baƙuwa: jikarsa ce da aka haifa a Garwa. Yarinyar ta iya Fulatanci da Faransanci, tana kuma jin Hausar kasuwa. Amma da kakarta ta gaishe ta da harshen Mafa, sai ta sunkuyar da kai, ta rasa amsa. Abin ya sosa ran tsohon ƙwarai.

Da dare ya ɗauko ƙamus na Mafa wanda Daniel Barreteau da Yves Le Bléis suka wallafa a 1990. Ya ce, "Jikata, matso kusa." Suka fara da masu sauƙi. Ruwa shi ne yam. Dawa ita ce daw. Da suka kai ga faɗ, wato huɗu, yarinyar ta yi dariya, gama ta ji ƙamshin Hausa. Ya ce mata ba mamaki, Mafa da Hausa dangi ne, dukansu daga zuriyar harsunan Cadi.

Wuyar ta zo a kan gay. Ta fassara shi da kalmar Faransanci mai nufin gini. Tsohon ya girgiza kai. Gay ya ƙunshi ɗakuna, da rumbuna, da dukan masu ci daga rumbunan nan. Shugabansa shi ne bab gay, kamar yadda Bahaushe ke cewa maigida. Haka kuma maray ba biki kawai ba ne. Sa ne da ake kiwo a kulle cikin ɗaki, a yanka domin kakanni. Tsohon ya daina wannan hadaya tun da ya bi Almasihu, amma ya ce wanda bai san kalmar ba, ba zai gane daga inda iyayensa suka fito ba.

Ya ba ta labarin Omaha, wata kabila a jihar Nebraska ta Amurka. Sunansu na nufin masu tafiya gāba da kwararar kogi. Littattafan harshensu suna nan, amma masu magana da shi tun daga nono sun kusa ƙarewa. Takarda takan adana kalma, baki ne yake rayar da ita.

Da safe yarinyar ta durƙusa gaban kakarta, ta ce, "Kaka, yam." Tsohuwar ta miƙa mata ƙwarya, hannunta yana rawa.