Ranar da Za a Tsayar da Aiki

Digirina na kimiyyar kwamfuta ya koya mini gina manhaja. Tambayar wacce ta cancanci a gina kuwa, ita ta kai ni digiri na biyu a fannin sarrafa ayyuka.

A can ake bambanta aiki guda, da shirin da ya haɗa ayyuka masu alaƙa, da kundin ayyukan kamfani baki ɗaya. Tunanin kundin ya faro daga Harry Markowitz, wanda a 1952 ya nuna amfanin rarraba jari.

Taura biyu ba ta taunuwa. Wani aikin lafiya lau yake tafiya, amma sai an tsayar da shi kuɗinsa su koma inda suka fi amfani. Masu yinsa abokaina ne. Na san sunayen 'ya'yansu.