Abin Da Kafaɗata Ta Koya Mini A Karu

Masu iya magana sun ce jiki magayi. Ni dai ban gaskata wannan zance sosai ba sai ranar da kafaɗata ta dama ta ƙi ɗaguwa, ina tsaye a mayankar Karu, ga kyamara a jaka, ga labari yana gudu a gabana, amma na kasa kama shi.

Ga yadda abin ya auku. Ana jajibirin Babbar Sallah edita ya aike ni in ɗauko hotunan dabbobi da mahauta. A lokacin ban daɗe da kama aiki ba, ina zaton yawan kaya shi ne shaidar gwaninta. Saboda haka na cusa kyamara biyu, da idon kyamara uku, har da dogon nan mai milimita 70 zuwa 200 wanda shi kaɗai ya kai kilo ɗaya da rabi, da fitilar hoto, da sanda mai ƙafa uku, da kwamfuta, duk a cikin jaka mai maɗauri ɗaya. Daga baya da na aza ta a sikelin wani mai shinkafa a kasuwar Karu, sai da ta haura kilo 9.

Tun da asuba nake yawo da ita. Wajen hantsi sai wani bijimi ya tsinke igiya, ya yi kan jama'a, mahauta suka dafa masa baya da wuƙaƙe a ɗamara, mata masu tallan abinci suka watse. Wannan shi ne hoton da mai hoto yakan shekara yana jira. Na kai hannu, hannu ya yi sanyi kamar ba nawa ba. Kafin in sauke jaka, in zuge ta, in tono kyamarar daga ƙarƙashin waya da tsumma, an riga an kayar da sa. Wani yaron mahauta kuwa ya ɗauke abin tas da 'yar wayarsa, ya zo yana nuna mini yana dariya. Kai, ranar na sha kunya.

Na fito na sami inuwa a bakin hanyar Jikwoyi na zauna. Ina nan sai ga wata dattijuwa ɗauke da itace a kafaɗa. Wanda ya zauna a wannan yanki ya san Karu garin Gbagyi ne tun kafin dokar 1976 da ta kafa Abuja, ya kuma san matansu ba su aza kaya a ka, domin a wurinsu kai shi ne sarkin jiki, ba a mai da shi ɗan dako. Na ce, "Sannu da aiki, Mama." Ta dubi jakata, ta dubi yadda na karkace, ta ce, "Ɗana, kayan nan ba kai ka ɗauke su ba, su suka ɗauke ka." Sa'an nan ta nuna mini yadda ta ɗaure nata tamau, ta matso da shi jikin wuya, ba ya lilo ko kaɗan. Ta ce kayan da ke lilo nauyinsu biyu ne.

Likitan da na gani bayan Sallah bai faɗi abin da ya wuce wannan ba, sai dai ya faɗe shi da Turanci: maɗauri ɗaya yana danne jijiyoyin da ke bi ta gefen wuya zuwa hannu, yana kuma tilasta wa gadon baya ya karkace. Tun daga nan na sake tsari, ga shi kuwa zan bayyana don amfanin 'yan'uwa masu wannan sana'a.

Da fari, tun da dare nakan tambayi kaina hoton me zan ɗauka gobe. Abin da amsar ba ta ambata ba, a gida zai kwana. Henri Cartier-Bresson, mai hoton nan na Faransa da ya rasu a 2004, yawancin aikinsa da ƙaramar Leica ya yi shi, da ido ɗaya mai milimita 50, duniya kuwa ba ta manta da shi ba.

Na biyu, in tafiya mai nisa ce, jakar goyo mai maɗauri biyu da ɗamarar ƙugu nake ɗauka, in ɗaure ta yadda ƙugu zai karɓi nauyin, kafaɗa ta huta. Abu mai nauyi shi ke manne da bayana, marar nauyi a waje. Kowane abu da ɗakinsa, batir da katin hoto a aljihun da hannu zai same su ko da ido a rufe. Ita kuwa kyamarar aiki ba ta zama a jaka, tana rataye a ƙirji.

Na uku, sai a dubi yanayi. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, don haka ba na sake ido a fili, sai na juya wa iska baya. Da damina nakan riƙe babbar leda, in kuma zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, domin laima ke sa idon kyamara ya yi fumfuna.

Na huɗu, akwai maganar jama'a. Tun bayan bam ɗin tashar Nyanya na ranar 14 ga Afrilu, 2014, na daina ganin laifin wanda ya tsare babbar jaka da ido a wannan hanya. Tawa ƙarama ce, ba tambarin kamfani a jikinta, kuma duk inda aka ce in buɗe, nakan buɗe da fara'a. A cikin cunkoso, ko a kan acaɓa, nakan juyo da ita gaba in rungume, kada ɗan sane ya sami rabonsa.

Yanzu jakata ba ta kai rabin ta da ba. Abin mamaki kuwa, hotunan sun fi na da kyau, domin wanda kafaɗarsa ke zogi ba ya ganin kome sai wurin zama. Na sha bin hanyar Jikwoyi ina dube-dube ko zan sake ganin dattijuwar nan in yi mata godiya, Allah bai nufa ba. Ko hotonta ban ɗauka ba, don a ranar hannuna bai ɗaguwa. Allah ya saka mata da alheri, mu kuma ya ba mu ikon sanin abin da za mu ɗauka da abin da za mu bari, amin.