Daga Asaba Ake Fara Labarin Kaduna

A majalisun Tambuwal da Kebbe, duk masoyin Kano Pillars da na roƙa ya ba ni labarin Kofin Aiteo na 2019, daga Asaba yake farawa. Can ne a 2018 suka zura wa Enugu Rangers ƙwallo uku, aka farke duka, kofi ya suɓuce a bugun fenariti. Sai ya fama wannan miki kafin ya iso Kaduna, inda suka doke Niger Tornadoes 4-3, nan ma a fenariti. Zubin tatsuniya ke nan: bayan wuya sai daɗi. Damuwata ita ce, gidajen kallo sun karkatar da matasanmu Ingila, mu manazarta kuwa ba mu naɗi muryoyin masu wannan labari ba.