Gani ya kori ji: abin da buhun wake ya koya mini game da gabatar da kimiyya

Duk malamin da ya taɓa ba ɗalibai aikin bincike su gabatar a gaban aji, abin nan da muke cewa ekspoze a makarantunmu na Nijar, ya san yadda abin kan ƙare. Yaro zai fito da takardu uku ko huɗu da ya kwafo daga littafi ko daga wayar yayansa, ya sunkuyar da kai, ya karanto Faransanci a guje babu waƙafi babu aya. In ya gama a tafa masa ya zauna. Ka tambaye shi da Hausa me ya faɗa, sai ya hau kallon ƙasa. Na yi shekaru ina koyar da kimiyyar halittu tsakanin Agiye da Gazawa, kuma na tabbata yaran nan suna da basira. Abin da ba a nuna musu ba shi ne yadda ake ɗauko sani a miƙa wa wani har ya karɓa.

Gabatarwa mafi kyau da na taɓa gani, a dandalin wani ƙauye aka yi ta, a kan buhun ajiyar wake mai suna PICS. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi tare da abokan aikinsu na Afirka, ciki har da masu bincike na cibiyar INRAN da ke Maraɗi, aka fara yaɗa shi a 2007. Gida uku ne da shi: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Ƙwarin da ke cikin waken su ne za su shaƙe iskar oksijin ɗin da ta rage, da ta yi ƙaranci sai su daina ci, su daina hayayyafa, su mutu. Ba a zuba ko ɗigon magani.

Malamin gona da ya zo da shi bai yi doguwar magana ba. Ya sa an kawo waken mutanen garin, aka zuba a gaban kowa, aka matse iska, aka ɗaure, ya ce sai bayan watanni. Ranar buɗewa gari ya taru. Wata dattijuwa ta cusa hannu ta ɗebo, ta murza, ta shinshina, ta miƙa wa na kusa da ita. Kowa a wurin ya san yadda nasa waken na buhun da aka saba ya koma huji da gari, don haka babu wanda ya nemi ƙarin hujja. Tambayoyin da suka biyo baya su ne nawa ne kuɗinsa, kuma ina ake samunsa.

Daga wannan rana na ɗauki abubuwan da nake koya wa ɗalibaina.

Abu na farko, magana ɗaya. Mutumin nan saƙo guda ya kawo: in ka hana ƙwaro iska, wakenka ya tsira. Saboda haka kafin ɗalibi ya rubuta komai, nakan ce ya faɗa mini da baki, cikin jimla ɗaya, abin da yake so aji ya tafi gida da shi. Wanda ya kasa, bai shirya ba tukuna, ko da ya cika shafi goma. In jimlar ta samu, sauran tsarin mai sauƙi ne: mece ce tambayata, me na yi, me na gani, me hakan yake nufi.

Na biyu, a kawo abin da ido zai gani, tare da abin da za a gwada shi da shi. Nan ne zuciyar kimiyya take, nan ne kuma muka fi sakaci. Ba sai da ɗakin gwaji ba. Ɗalibi zai iya samun gorar ruwa biyu ta roba, ya cika su da wake daga tiya ɗaya, ya rufe ɗaya ruf, ya bar ɗaya a buɗe, ya ajiye su ɗaki ɗaya. Bayan wata biyu ya ɗebo ƙwaya 100 daga kowacce, ya ƙirga masu huji, ya rubuta lambobin biyu a allo da manyan baƙi. Ya bayyana dalilin da ya sa waken ya zama iri ɗaya, ɗakin ɗaya, kwanakin ɗaya: don kada wani ya ce bambancin daga wani wuri ya fito. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ba ya bukatar takarda ya yi bayani. Kuma ko an samu majigi da PowerPoint, dokar ba ta canjawa: hoto ɗaya ko lambobi kaɗan a kowane shafi, sauran kuma bakin mai magana ya cika.

Na uku, a fara daga abin da mai sauraro ya sani. A nan sassaben zamani ya ishe mu misali. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostiraliya da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan sabara da kalgon da ake sharewa a gonaki tohon kututture ne masu saiwa da rai a ƙasa. In an zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi an sassabe sauran, itace zai tashi ba tare da dashe ba. Manoma suka gani a gonakin maƙwabta, suka ɗauka, har ƙauyen Ɗan Saga na Agiye ya yi suna a kan wannan aiki, kuma an ƙiyasta cewa ya kai eka ta Faransa kimanin miliyan 5 a kudancin Nijar. Ɗalibin da zai yi magana a kan gawo a gaban 'ya'yan manoman Gidan Rumji, ya fara da tambaya: me ya sa hatsin gindin gawo ya fi kyau? Sai ya kai su ga amsa: gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, saiwarsa kuma tana tara naitorojin, sinadarin da muke saye a takin uriya. Kalmar Faransanci ta zo bayan an gane abin, ta zama suna kawai.

Na huɗu, gwaji da agogo. In minti goma aka bayar, a gwada sau uku a tsaye, da murya a sama, ana kallon mutane. Abin da ya hana a gama a kan lokaci a cire shi.

Na biyar, tambayoyi. Yara suna tsoronsu kamar bulala, alhali tambaya alama ce cewa an saurare ka. Nakan koya musu su maimaita tambayar don kowa ya ji, su amsa a taƙaice, in kuma gwajinsu bai kai can ba su ce bai kai ba. Mai gora biyu zai iya magana a kan wakensa. Ba shi da hurumin yanke hukunci a kan gero ko gyaɗa sai ya gwada.

'Yan uwana malamai, mu rage yawan makin da muke ba tsawon takarda, mu ƙara wa fahimta. Mu bar yaro ya fara bayani da Hausa, sannan ya juya shi Faransanci. Ku kuma iyaye, ko ba ku yi boko ba, kun fi kowa iya wannan jarrabawa. Da dare ku ce ɗanku ko 'yarku ya ba ku labarin abin da zai gabatar gobe, ku tambaye shi yadda kuke tambayar mai tallan iri a kasuwa: ya aka yi ka sani, ka gani da idonka? Daga cikin yaran nan ne za a samu malaman gona da na asibiti da za su tsaya gaban jama'a su yi bayanin rigakafi, ko haɗarin zuba maganin ƙwari a abincin da za a ci. In ba su iya bayani ba, mutane za su tashi da abin da suka zo da shi.