Tsarnawa: inda man gurup ke zurarewa

Matafiyin da ya baro Birnin Ƙonni ya nufi gabas, kafin ya yi nisa zai iske Tsarnawa, mararrabar da hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram. Gari ne na albasa. Buhuna jibge bakin titi, manyan motoci na jiran lodi. In kuwa wutar NIGELEC ta ɗauke, sai rurin gurup ya gauraye kasuwa. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, da rana kawai take aiki. Da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, ƴan kasuwa sun san darajar wannan inji.

Sai dai kaɗan ne suka san inda kuɗin mansu ke tafiya. Injin gazuwal kusan kashi ɗaya cikin uku kaɗai na ƙarfin mai yake mayarwa juyi. Saura zafi ne da hayaƙi. Juyin nan shi ke kaɗa maganaɗisu a tsakiyar naɗin wayar jan ƙarfe da ke tsaye, sau 1500 a minti a manyan injuna, 3000 a ƙanana, don wutar ta riƙa kai da komowa sau 50 a daƙiƙa.

A nan ma akwai yoyo. Waya na ɗumama gwargwadon kayan da aka ɗora mata, kuma ba ta da sassauci: in wutar da ke bi ta cikinta ta ninka biyu, zafin sai ya ninka huɗu. Mai kantin da ya haɗa firji da injin walda a kan ƙaramin gurup, naɗinsa yake toyawa. Ƙarfen da aka naɗa wayar a kai shi ma yana shan rabonsa, shi ya sa ake ƙera shi falle-falle. Gogayya da fankar sanyaya na cin nasu.

Ƙurar hunturu na toshe kafofin iska, zafin Afrilu ya ƙarasa aikin. In naɗi ya ƙone, wani mai gyara kan sa wayar alminiyom don araha, alhali ta fi jan ƙarfe tauye wuta da kusan kashi 60 cikin ɗari in kaurinsu ɗaya. Wannan araha ba ta da albarka. Kafin a biya, a kankare bakin wayar a ga launinta.